Ko Hankali Zai Iya Kai Mu Ga Sanin Allah? Darasi A Kan Hujjojin Masana Da Sukar Da Aka Yi Musu

Karatu: Hikima 13:1-9, Romawa 1:19-20, 1 Bitrus 3:15



Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 2013, wadda mazauninta na dindindin yake a ƙaramar hukumar Kalgo, 'ya'yanmu sun sami zarafin yin karatu mai zurfi kusa da gida. Muna godiya ga Allah saboda wannan. Amma ilimi yakan zo da tambayoyinsa, wayar hannu kuma ta kawo mahawarar duniya duka har cikin ɗakunanmu. Yaro ya dawo hutu, ana cikin cin tuwon dare, sai ya ce, "Baba, in Allah ne ya yi kome, to, wa ya yi Allah?" Wata kuma ta ce, "Mama, in Allah mai ƙauna ne, me ya sa ya bar ruwa ya cinye gonarmu?" Sau da yawa uba yakan rasa ta cewa, sai ya tsawata. Yaron ya yi shiru, amma a ransa ya ɗauka babu amsa ne. Ta haka waɗansu suka fara ja da baya daga Misa, ba tare da sun gaya wa kowa dalili ba.

Manzo Bitrus ya gargaɗe mu mu zauna da shirin ba da amsa ga duk mai tambayar dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Saboda haka a wannan darasi za mu duba manyan hujjojin da masana suka kawo a kan samuwar Allah, mu saurari sukar da aka yi musu ba tare da ɓoye kome ba, sa'an nan mu ga inda bangaskiyarmu ta tsaya.

1. Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu

Kada mu ɗauka Turawa ne suka kawo mana irin wannan bincike. Fiye da shekara 200 da suka wuce, malaman wannan ƙasa suna karantar da hujjojin hankali a kan samuwar Allah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Gwandu daga shekarar 1805 kafin ya koma Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Gwandu kabarinsa yake. A cikin littafinsa Ida'un Nusuki, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta, Malam Abdullahi ya faɗa cewa a wurin yayansa ya ɗauki ilimin tauhidi, daga littattafan Sanusi da sharhohinsu.

Wannan Sanusi shi ne Muhammadu ɗan Yusufu, malamin birnin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490. Ƙaramin littafinsa, Ummul Barahin, ya bazu a makarantun ilimi na Afirka ta Yamma. Ya fara da raba hukuncin hankali gida uku: abin da ya wajaba, wanda hankali ba ya iya ɗaukar rashinsa, abin da ya koru, wanda hankali ba ya iya ɗaukar samuwarsa, da abin da ya halatta, wanda zai iya kasancewa, zai kuma iya rashin kasancewa. A kan wannan harsashi ya gina hujjarsa.

Mu ma muna da namu gado. A 1953 aka danƙa yankin Sakkwato a hannun Fada-fadan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, a 1964 kuma ya zama dayosis. Wannan ita ce ƙungiyar Waliyyi Toma Akwinas (1225-1274), babban malamin Ikilisiya a kan wannan batu. Ɗaya daga cikin Fada-fadan nan, Joseph Kenny, wanda ya rasu a 2013, ya yi digirinsa na dakta a Jami'ar Edinbara a 1970 a kan tauhidin Sanusi, daga baya ya koyar a Jami'ar Ibadan. Shi Waliyyi Toma kansa ya karanci Ibn Sina da Ibn Rushdi da malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun, ya amfana da su, ya kuma yi musu gardama inda bai yarda ba. Ashe a wannan fage mu da maƙwabtanmu Musulmi mun daɗe muna ɗiban ruwa a rijiyoyi masu kusa da juna.

2. Abin da Ikilisiya take koyarwa

Majalisar Batikan ta Farko, a 1870, ta tabbatar cewa mutum zai iya sanin Allah tabbatacce da hasken hankalinsa, ta wurin duban halitta. Wannan shi ne abin da Littafin Hikima da Manzo Bulus suka koyar a ayoyin da muka karanta. Majalisar dai ba ta ɗaure mu da wata hujja guda ta wani malami ba. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya ƙara bayani a lamba 31 zuwa 35: waɗannan hujjoji ba irin na ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ba ne, hanyoyi ne da suke haɗuwa wuri ɗaya har su gamsar da hankali. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa guda cur a 1998 a kan zumuncin bangaskiya da hankali.

Wannan ya ba mu 'yanci. Muna iya cewa wannan hujja tana da ƙarfi, waccan kuwa tana da rauni, ba tare da mun yi zunubi ba. Waliyyi Toma da kansa ya ƙi waɗansu hujjoji da tsarkakan mutane suka kawo, domin a ganinsa wanda ya kāre gaskiya da hujja marar ƙarfi yana ba marasa bi abin dariya ne.

3. Hujja ta farko: duniya tana da mafari

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ya fara kasancewa, akwai abin da ya sa shi. Idan duniya ta fara, to, tana da wanda ya fare ta. Wani Kirista mai suna Yohanna Filoponus ya kāre wannan ra'ayi a Iskandariya a ƙarni na shida, Imamu Gazali (1058-1111) ya ƙarfafa shi, ita ce kuma hanyar da Sanusi ya bi. Ya ce kowane jiki ko dai yana motsi ko yana tsaye. Motsi da tsayuwa suna zuwa suna wucewa, saboda haka fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne.

Ibn Rushdi (1126-1198) ya soki wannan hanya. Masu suka sun ce: ko da kowane motsi ya fara, wannan bai nuna cewa jerin motsin duka ya fara ba, gama kowane motsi zai iya samun wani kafinsa. Abin mamaki, Waliyyi Toma ya ba masu suka gaskiya a nan. Ya gaskata cewa duniya tana da mafari domin Littafin Farawa ya faɗa, amma ya ce hankali shi kaɗai ba zai iya tabbatar da haka ba. Waliyyi Bonabentura, wanda suka yi zamani ɗaya, ya ce zai iya. Dukansu biyu malaman Ikilisiya ne.

A zamaninmu kimiyya ta shigo maganar. Wani Fada ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya ce in aka bi baya za a tarar kome ya taso daga wani hali na farko mai matuƙar cunkushewa. Yau masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan kimanin biliyan 13.8. Amma da Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya danganta wannan da halitta a wani jawabi a 1951, Fada Lemaître bai ji daɗi ba. Ya sani kimiyya tana iya bin sawu zuwa wani hali na farko, amma ba ta iya cewa daga babu aka fito. Mu ma sai mu yi hattara: wannan bincike ya dace da bangaskiyarmu, amma ba a kansa muka kafa ta ba.

4. Hujja ta biyu: kome na duniya aro ne

A nan ne ƙarfin Waliyyi Toma yake. A farkon babban littafinsa, Summa, ya kawo hanyoyi biyar. Uku na farko suna da jijiya ɗaya. Tambayarsa ba ta tsaya a kan abin da ya faru da can ba. Yana tambaya ne, me yake riƙe da duniya yanzu?

Mu duba mai noman rani a fadama. Ruwa yana zuba a fangalin shinkafa domin tiyo yana kawo shi. Tiyo yana kawowa domin inji yana turawa. Tiyo ba shi da ruwan kansa. Ko an haɗa tiyo dubu, in babu inji da rijiya a can ƙarshe, ko ɗigo ba zai fito ba, kuma daidai lokacin da injin ya mutu, ruwan ya yanke. Haka samuwa take. Mu da bishiya da kogi da rana, babu wanda dole ne ya kasance. Dukanmu daga cikin abin da ya halatta muke, kamar yadda Sanusi zai ce. An ba mu samuwa ne, kuma da abin da aka ba mu muke ba waɗansu. In kowa a kasuwa da kuɗin aro yake ciniki, wannan ya ara daga wancan, wancan daga wani, dole a sami mai kuɗin na ainihi, in ba haka ba babu abin da za a ara tun farko. Ibn Sina (980-1037) ya kira wannan Mai Wajabcin Samuwa: wanda samuwarsa tasa ce, ba aro ba. Shi muke kira Allah.

A nan amsar yaronmu take. Hujjar ba ta ce kome yana da wanda ya yi shi ba. Ta ce duk abin da samuwarsa aro ce yana bukatar mai ba shi. Tambayar wa ya yi Allah daidai take da tambayar a wurin wa mai kuɗin ya ari kuɗinsa. In da ya ara, da ba shi ne mai kuɗin ba.

Amma akwai suka mai nauyi. A 1948 an yi mahawara a rediyon BBC tsakanin Fada Frederick Copleston da masanin falsafa Bertrand Russell. Russell ya ce kasancewar kowane mutum yana da uwa bai nuna cewa 'yan Adam gaba ɗaya suna da uwa guda ba. Haka nan ko da kowane abu yana da sanadi, ba dole ba ne duniya dunƙule ta kasance da sanadi. A ganinsa duniya tana nan ne kurum, babu abin tambaya bayan wannan. Kafin shi, David Hume na Sikotilan ya tambaya: in dole wani abu ya kasance marar sanadi, me zai hana ya zama duniyar ce da kanta?

Me za mu ce? Gaskiya ne ba kullum ba ne halin ɓangare yake zama halin duka. Amma wani lokaci yakan zama: bangon da aka gina da tubalin laka, shi ma na laka ne. Tarin abubuwan aro bai daina zama aro ba don ya yi yawa. Duniya kuwa tana sākewa, tana da ɓangarori, tana iya kasancewa da wata siffa dabam, waɗannan duka alamun dogaro ne. Duk da haka mu yarda da abu ɗaya: wanda ya ce shi ba zai tambayi dalilin samuwar duniya ba, ba za mu iya tilasta shi da lissafi ba. Abin da za mu nuna masa shi ne, a kowane fanni na rayuwa yana neman dalili, sai a kan tambaya mafi girma kaɗai ya ce a yi shiru.

5. Hujja ta uku: tsarin halitta

Wanda ya bi ta daji ya tarar da kunya-kunya a miƙe, gero a jere, ya san manomi ya bi ta wurin ko bai gan shi ba. A 1802 wani limamin Ikilisiyar Ingila, William Paley, ya gina hujjarsa a kan irin wannan misali, ya kwatanta tsarin halitta da agogo, wanda dole akwai maƙerinsa.

Wannan hujja ta sha suka biyu. Hume, a littafinsa da aka buga a 1779 bayan rasuwarsa, ya riga ya nuna cewa kwatancin yana da rauni: mun sha ganin ana ƙera agogo, amma ba mu taɓa ganin ana yin duniya ba, ko an karɓi kwatancin ma, iyakarsa ya nuna gwanin magini, wataƙila ma magina da yawa. Sa'an nan a 1859 Charles Darwin ya bayyana yadda halittu suke sākewa sannu a hankali cikin zamani mai tsawo, waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su rayu su hayayyafa. Wannan ya bayyana tsarin ido da fiffike ba tare da an ce an ƙera kowanne dabam ba.

Dole mu faɗi gaskiya: wannan suka ta sami hujjar Paley a gaɓa. Ikilisiya kuwa ba ta yaƙi da binciken. Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya ba da izinin nazarinsa a 1950, Yohanna Bulus na Biyu kuma ya yarda a 1996 cewa shaidun da suke goyon bayansa sun yi ƙarfi, tare da riƙe cewa ran kowane mutum daga Allah yake kai tsaye. Darasin da muka koya shi ne kada mu ajiye Allah a gurbin abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, domin ranar da ta gano, sai a ga kamar an kore shi.

Hanya ta biyar ta Waliyyi Toma ta fi ta Paley zurfi. Shi yana tambaya ne, me ya sa abubuwa marasa hankali suke bin ƙa'ida kullum? Irin gero bai taɓa tsiro da dawa ba. Ruwa ba ya mantawa ya gangara. Sākewar halittu ma a kan waɗannan ƙa'idodi take tafiya, ba ita ta kafa su ba. Masana na yau sun kuma lura cewa da ƙarfin waɗansu ƙa'idodin ya bambanta kaɗan, da taurari da rai ba su samu ba. Masu suka sun amsa cewa wataƙila akwai duniyoyi barkatai, tamu ce kawai ta dace. Wannan zato ne da ba a tabbatar ba, ko ya tabbata kuma, tambayar sashe na huɗu tana nan: wa ya ba su samuwa?

6. Hujjoji biyu daga cikin mutum

Waliyyi Anselm, wanda daga baya ya zama Babban Bishop na Kantabari, ya kawo wata hujja wajen 1078. Ya ce ma'anar Allah ita ce wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi. Abin da yake a zahiri kuwa ya fi abin da yake a tunani kawai. Saboda haka Allah yana nan a zahiri. Nan take wani ɗan zuhudu mai suna Gaunilo ya ce, in haka ne, sai mu yi tunanin tsibiri mafi kyau mu ce dole yana nan. A 1781 Immanuel Kant na Jamus ya ƙara da cewa samuwa ba siffa ba ce da ake ƙara wa abu. Naira dubu ta cikin tunani da ta cikin aljihu adadinsu ɗaya ne. Bambancin shi ne ɗaya tana nan, ɗaya babu, ma'anar kalma kuwa ba ta sa kuɗi a aljihu. Waliyyi Toma ma bai karɓi wannan hujja ba. Har yau akwai masu kāre ta, amma ba ita za mu ba ɗanmu ba.

Ta biyu ita ce lamiri. Mutum ya rage mudu a kasuwa, babu wanda ya gani, amma da dare barci ya ƙi zuwa. A gaban wa yake jin kunya? Waliyyi Yohanna Henry Newman (1801-1890) ya ga cewa wannan ji na alhaki yana nuna akwai Wani da muke amsawa gare shi. Masu suka sun ce tarbiyya ce da al'ada, ko kuwa hali ne da ya taimaki kakanninmu zaman tare. Lalle tarbiyya tana gyara lamiri, tana kuma iya ɓata shi. Amma bayanin yadda muka koyi cewa zalunci mugun abu ne bai amsa ko da gaske mugun abu ne ba. In kuwa da gaske ne, ko da dukan gari sun yarda da shi, to, akwai ma'auni da ya fi gari.

7. Suka mafi nauyi: wahala da mugunta

Kafin Waliyyi Toma ya kawo hanyoyinsa biyar, ya fara da kawo dalilai biyu na masu musu. Ɗaya shi ne halitta ta isa ta bayyana kanta. Ɗayan kuwa mugunta. Wannan na biyun ba sai mun je makaranta ba kafin mu san shi. Mun ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, bayan manoma sun zuba abin da suke da shi. Mun ji kukan iyaye sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021. Mai suka yana cewa: in Allah yana iya hanawa bai hana ba, ina ƙaunarsa? In yana so ya hana bai iya ba, ina ikonsa?

Masana sun ba da amsoshi. Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi, domin ƙauna ta tilas ba ƙauna ba ce. Wanda zai iya zaɓen alheri kuwa zai iya ɗaukar bindiga. Duniya mai ƙa'ida tabbatacciya, wadda manomi zai iya dogara da ita, ita ce kuma duniyar da kogin da yake shayar da fadama zai iya cika ya yi ɓarna. Waliyyi Agustin ya koyar cewa Allah ba zai bar mugunta ba in da ba shi da ikon fitar da alheri daga cikinta. Waɗannan amsoshi sun isa su nuna cewa samuwar Allah da samuwar wahala ba su karo da juna a hankalce.

Amma ba su gaya mana dalilin da ya sa wannan yaro ya mutu, ko wannan gona ta nutse ba. Abokan Ayuba sun yi ƙoƙarin ba da irin wannan bayani, Allah kuwa ya tsawata musu, ya ce bawansa Ayuba, mai kuka da tambaya, shi ya faɗi daidai. Amsar da aka ba mu Kirista ita ce gicciye: Ɗan Allah ya shiga wahalarmu, ya mutu, ya tashi. Wannan kuwa hankali bai gano shi ba, bayyana mana aka yi. Saboda haka in mun je gidan makoki, mu bar hujja a gida, mu tafi da addu'a da hatsi da zama tare.

8. Bangaskiyar wanda bai yi karatu ba

To, tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Waliyyi Toma ba, amma ba ta fashin Rosari, bangaskiyarta ta gaza ke nan? A nan tarihin ƙasarmu yana da abin koya mana.

Sanusi ya tsananta ƙwarai a kan cewa wajibi ne kowane baligi ya yi nazari, kada ya tsaya ga bin abin da ya ji kawai. A zamanin Shehu Usmanu waɗansu malamai da ɗalibai suka wuce gona da iri: sukan titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja yadda take a littafi su ce shi kafiri ne. Shehu ya tsaya ya yi musu raddi a rubuce-rubuce masu yawa, kamar yadda ɗansa Muhammadu Bello ya shaida a Infaƙul Maisuri. Shi da ya karantar da littattafan Sanusi, shi ne kuma ya hana a mai da su sandar dukan talaka.

Koyarwar Ikilisiya a kan wannan a fili take. Waliyyi Toma ya ce in da ta hanyar hujja kaɗai za a san Allah, da mutane kaɗan ne za su kai, bayan dogon lokaci, da kurakurai masu yawa. Don haka Allah cikin jinƙansa ya bayyana kansa ga kowa. Newman ya rubuta littafi guda a 1870 domin ya nuna cewa mutum yana iya samun tabbaci na gaskiya daga dalilai da yawa da suka taru a ransa, ko da ba zai iya jera su ba. Masunci ya san inda kifi yake a gulbi, ko da ba zai iya rubuta yadda ya sani ba. Tsohuwar nan ta ga damina da rani, ta ga haihuwa da mutuwa, ta ga amsar addu'a. Hankalinta ya yi aikinsa, alherin Allah kuma ya kammala.

Hujjoji suna da iyakarsu. Suna kai mu ga sanin cewa akwai Mahalicci ɗaya, marar farko, wanda kome ya dogara gare shi. A kan wannan, kamar yadda Majalisar Batikan ta Biyu ta faɗa a 1965, muna duban Musulmi da girmamawa, gama su ma suna sujada ga Allah ɗaya Mahalicci. Amma asirin Triniti Mai Tsarki da zaman Ɗan Allah mutum, waɗannan ta wurin wahayi da bangaskiya muka karɓe su. An ba da labari cewa a watan Disamba na 1273, bayan wani abu da ya same shi a lokacin Misa, Waliyyi Toma ya ajiye alƙalami, ya kwatanta duk abin da ya rubuta da ciyawa in aka gwada da abin da aka nuna masa. Bai ce ƙarya ya rubuta ba. Ya ga wanda yake rubutu a kansa ne.

9. Abin da ya rage gare mu

Iyaye, in yaro ya yi tambaya, kada mu rufe masa baki. Matambayi ba ya ɓata. In ba mu da amsa, mu ce masa, "Zo mu je wurin Fada ko katekis mu bincika tare." Ɗalibanmu na Kalgo da sauran makarantu, ku karanta hujja da suka duka biyu, daga bakin masu su, kada ku tsaya ga guntun bidiyo na minti ɗaya. In kun yi mahawara da aboki, Musulmi ne ko marar addini, ku faɗi ra'ayinsa yadda shi kansa zai yarda kafin ku amsa, kamar yadda Waliyyi Toma yake yi. Masu ilimi a cikinmu kuma, kada mu rena bangaskiyar waɗanda ba su yi karatu ba, gama sau da yawa a gwiwarsu muka fara koyon sunan Yesu.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi da zumunta:

1. Da kalmominmu, yaya za mu amsa wa yaron da ya ce wa ya yi Allah?
2. Wace hujja ce ta fi gamsar da mu, wace suka ce kuma ta fi damunmu?
3. Me za mu faɗa, me kuma bai kamata mu faɗa ba, ga wanda masifa ta sa yana shakkar ƙaunar Allah?
4. Wane shiri Ikilisiyarmu za ta yi domin ɗalibai su sami wurin kawo tambayoyinsu a lokacin hutu?

Mu yi addu'a: Ya Allah, kai ka ba mu hankali domin mu neme ka, ka ba mu bangaskiya domin mu same ka. Ka haskaka 'ya'yanmu masu karatu, ka riƙe masu shakka, ka ta'azantar da masu wahala, ka ba mu tawali'u a gaban asirinka. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.